Gwajin ER da PR na kansar mama da yadda sinadaran lab ke karkatar da sakamako: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan daga wuri biyu na tattaro su. Wasu na ɗaliban da ake turo mana koyon aiki ne a lab nan Jos, wasu kuma na 'yan uwan marasa lafiya ne da ke tsayawa a bakin tagar karɓar samfur da takarda a hannu suna tambaya, toh na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ni ma'aikacin lab ne, ba ni ke rubuta magani ba, dan haka duk abin da ya shafi a sha ko a daina sha wannan tsakaninku da likitanku ne. Wasu amsoshin sun yi zurfi a harkar benci, in ba fanninka bane ka tsallake zuwa ƙasa inda ake maganar fomalin, ruwan da ake ajiye naman da aka yanko a ciki kar ya lalace, wannan kam ya shafi kowa.

Wai mene ne ER da PR ɗin da ake rubutawa a takardar sakamako?

Furotin ne guda biyu da ke cikin ƙwayoyin nono, ana ce musu risefta. ER ita ce mai karɓar homon ɗin istirojin, PR kuma ta furojestaron. Ka ɗauke ta kamar ramin caja a jikin waya, istirojin shi ne cajar, in ya shiga ramin sai ƙwayar ta samu umarnin girma da rabuwa. Kansar da ke da ramin nan ana iya hana ta caji, ko dai a toshe ramin da tamoksifen, ko a rage istirojin ɗin jiki gaba ɗaya da magunguna irin su anastrozol da letrozol ga matar da al'ada ta ɗauke mata. Wadda ba ta da ramin kuma ko shekara goma aka yi ana ba ta tamoksifen ba abin da zai mata. A duniya wajen kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na kansar mama suna da ER, kuma shan tamoksifen na shekara 5 yana rage mutuwa daga irin wannan kansar da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ƙwaya ɗaya a rana, kuma cikin magungunan kansa tana cikin masu sauƙin kuɗi. Kaga kenan in aka rubuta wa mace negetib alhali fozitib ce, an raba ta da maganin da aljihun gidansu zai iya ɗauka.

Tun yaushe aka san da wannan?

Tun 1896 wani likitan tiyata a Gilasgo, George Beatson, ya lura in aka cire wa mace gidan ƙwai kansar nononta kan ja da baya, amma ga wasu matan kawai. Dalilin bai fito ba sai da Elwood Jensen a Jami'ar Shikago ya yi aiki da istirojin mai alamar rediyeshan a 1958, ya ga naman mahaifar ɓera yana riƙe shi alhali sauran nama ba ya riƙewa. Daga nan aka kama hanyar risefta. Tamoksifen kuma Amurka ta amince da shi a 1977.

Mun ji ana cewa sai an auna yawan furotin ɗin naman, to ina ruwansa da wannan gwajin? Ba risefta ake nema ba?

Nan ne ɗalibai ke rikicewa. A tsohuwar hanya, wadda aka yi ta amfani da ita daga shekarun 1970 har zuwa cikin 1990, ba a kallon naman a madubin lab mai ƙara girman abu. Daskarar da shi ake yi, a niƙe shi cikin wani ruwan sinadarai da muke ce wa bafa, a sa a sentirifuj mai tsananin gudu har tarkace ya kwanta, a kwashi ruwan sama wanda ake kira saitosol. Sai a zuba masa istirojin mai rediyeshan a bar shi ya kama riseftar, sannan a zuba garin gawayi da aka lulluɓe da dekstiran, gawayin ya tsotse duk istirojin ɗin da bai kama komai ba, a ƙirga rediyeshan ɗin da ya rage. Wannan lamba ɗaya kenan.

Amma lambar nan ita kaɗai ba ta da ma'ana, dan wani naman babba ne wani ɗan ƙil, wani kitse ya fi yawa a ciki. Dole a raba ta da yawan furotin ɗin da ke cikin saitosol ɗin. Shi yasa a lokacin sakamakon ke fitowa a matsayin femtomol kaza (ma'aunin yawan riseftar kenan) a kowane miligiram na furotin, kuma lab da yawa sun ɗauki 10 a matsayin iyaka, daga 10 zuwa sama fozitib. Ma'ana gwajin lissafin rabawa ne, akwai sama akwai ƙasa. Kowa hankalinsa na kan lambar sama mai rediyeshan da injin tsada, lambar ƙasa kuwa ƙaramin ma'aikaci ake ba wa ya auna da yamma, ita ce kuma za ta iya juya sakamakon gaba ɗaya.

Ta yaya sinadari zai yaudari awon furotin?

Saboda ba furotin ɗin muke gani ba, kala muke gani. Hanyar da aka fi amfani da ita a lokacin ita ce ta Lowry, wadda Oliver Lowry da abokan aikinsa suka wallafa a 1951. Mataki biyu ne. Da farko jan ƙarfe a cikin ruwan alkali yana kama furotin, sannan a zuba sinadarin Folin wanda yake rawaya, in ya samu abin da ya ba shi elektiron sai ya rikiɗe ya zama shuɗi. Iya yawan furotin iya duhun shuɗin, a sa a na'urar auna kala wajen 750 nm a karanta. Matsalar ita ce Folin bai san furotin ba, duk wanda ya miƙa masa elektiron zai yi shuɗi. Ita kuma bafar da aka niƙa naman a ciki tana ɗauke da DTT ko monotayogilisarol, waɗanda aikinsu kenan a duniya, ba da elektiron. Ga Tris, ga EDTA mai damƙe jan ƙarfe, ga gilisarol, ga sukuros in an yi amfani da shi, kowanne da irin nasa katsalandan ɗin a Lowry, wasu su ƙara kala wasu su hana ta fita yadda ya kamata.

Ni kaina abin ya taɓa kama ni ina ɗalibi. An ba ni tub goma sha biyu in auna, na yi bilank, wato tub ɗin da ba samfur a ciki wanda ake saita injin da shi a sifiri, da ruwan distil kamar yadda muka saba a furaktikal, duk sakamako ya fito da kyau da yawa har ina murna. Ogan namu, wani dattijo mai shan shayi ba suga, bai ce min komai ba, sai ya ɗauko tub ɗaya ya zuba bafa zalla babu ko ɗigon samfur, ya ce “zuba riyejen ɗinka”. Na zuba. Muna tsaye ina kallo abin ya fara shuɗi kamar an wanke sabuwar shadda. Ya ce “toh malam, furotin ɗin waye wannan?” Na ce “Oga, ba furotin a ciki.” Ya ce “amma injinka zai rantse akwai.” Sai da na sake aikin daga farko, har aka kira magariba ina wurin.

In dai suna kawo matsala, me yasa ake zuba su tun farko?

Riseftar ce ba ta da juriya. Da an fasa ƙwayar ta fito sai ta fara lalacewa, zafi na kashe ta, iska na lalata wasu sassanta masu sulfa, sannan akwai enzayim a cikin naman da ke fara cin ta. DTT na kare sassan sulfar nan, EDTA na kama ƙarafan da wasu daga cikin enzayim ɗin ke buƙata, gilisarol da sodiyom molibdet suna riƙe riseftar kar ta wargaje, musamman ta furojestaron da ta fi saurin lalacewa, Tris kuma yana tsayar da pH wajen 7.4. Dan haka cire su ba mafita bane, masu gadin lambar sama ne, su ne kuma ke ɓata lambar ƙasa.

Tunda na ambaci Tris bari in faɗa wa ɗalibai wani abu. pH ɗinsa na bin yanayin zafi, duk digiri ɗaya da aka sauka yana hawa kusan 0.03. In ka saita 7.4 a kan benci da rana a digiri 25 ka kai firij mai digiri 4, abin da ke hannunka ya kusa 8.0. Mu da ke Jos da safiyar hunturu ma ruwan famfo kamar daga firij yake, ka saita bafarka a zafin da za ka yi aiki da ita.

A ba mu misali da lamba mana.

Lambobin nan na misali ne dan a gane lissafin. A ce an samu risefta femtomol 36 a kowane mil na saitosol, ainihin furotin kuma miligiram 3 ne a mil. 36 a raba 3, 12 kenan, fozitib. Yanzu a ce kalar ƙarya ta bafa ta sa injin ya karanta 4 maimakon 3. 36 a raba 4, 9, negetib. Mace ɗaya, nama ɗaya. In kuma kuskuren ya bi ɗaya ɓangaren aka karanta furotin ƙasa da gaskiya, sai lambar ta kumbura a ce fozitib. Wadda ke da 300 ko wadda ke da sifiri wannan kuskuren ba zai canza mata komai ba, waɗanda ke bakin iyaka su ne abin ke ci.

Kamar ka je Farin Gada sayen dankalin Turawa ne a ɗora maka a kilo tare da kwandon da ƙasar da ke jikinsa. Kilon bai yi ƙarya ba, nauyin da aka ɗora masa ya faɗa.

Bradford ko BCA, wanne ya fi? Ina furojet a kan naman kansar mama.

Ya danganta da abin da ke cikin bafarka, ka fara karanta abin da ka zuba kafin ka zaɓa. Hanyar Bradford ta 1976 rini ne, Coomassie G-250, yana manne wa furotin ya koma shuɗi a karanta a 595 nm, minti kaɗan an gama. Ba ruwanta da DTT ko EDTA a yawan da aka saba sa wa, shi yasa masu aikin risefta da yawa suka koma mata. Amma sabulu ne makashinta, SDS ko Triton X-100 in sun ɗan yi yawa shikenan. Kuma rinin ya fi son wasu furotin a kan wasu, musamman masu ajinin da yawa, dan haka sitandan da ka zaɓa, wato furotin ɗin da aka san yawansa da ake gwada samfur da shi, BSA ne (albumin ɗin jinin saniya) ko gama-gulobulin, zai canza maka lamba.

BCA ta 1985 akasin haka ce, tana jure sabulu sosai, ana karanta ta a 562 nm kalarta shunayya, amma tunda ita ma da jan ƙarfe take aiki DTT da makaptoyitanol suna kunna mata kalar ƙarya, EDTA mai yawa kuma ya sace jan ƙarfen kalar ta ragu. A taƙaice in da bafar RIPA ka fasa naman, wadda ke cike da sabulu, BCA ce taka. In bafar risefta ce mai DTT ba sabulu, Bradford. In duka biyun suna ciki toh ka shirya wahala, karanta amsa ta gaba. Abin da ba na so in gani shi ne rabin samfur an auna da Lowry, riyejen ya ƙare, an ƙarasa sauran da Bradford an haɗa a tebur ɗaya.

Yaya ake maganin abin a kan benci?

Na farko kuma mafi arha, bilank da sitanda duk a haɗa su da bafar da samfur ke ciki, ita ɗin dai, ta ranar, daga kwalba ɗaya. Na ce ta ranar ne saboda DTT yana mutuwa a hankali in yana shan iska, bafar da ta kwana biyar ba ɗaya take da sabuwa ba, in samfur na cikin tsohuwa ka yi bilank da sabuwa za ka cire fiye da abin da ya kamata. Na biyu a sirka samfurin da ruwa in furotin ɗin na da yawa, mai katsalandan ya ragu har ya daina tasiri. Na uku in abin ya ƙi, a kwantar da furotin ɗin da asid ɗin TCA, wasu na haɗawa da diyoksikolet kamar yadda Peterson ya tsara a 1977, a juya a sentirifuj a zubar da ruwan sama da duk tarkacen sinadaran, a narkar da abin da ya kwanta a auna. Yana cin lokaci kuma in hannunka ba ya tsayawa za ka zubar da furotin ɗin tare da ruwan.

Akwai ɗan gwaji da nake sa ɗalibai, ka ɗauki samfur ɗaya ka auna shi yadda yake, ka sirka shi rabi da rabi ka sake aunawa. In lambar ba ta sauko kusan rabi ba, akwai baƙo a tub ɗin. Ko ka ƙara masa BSA da ka san yawansa ka ga ko injin zai dawo maka da abin da ka zuba.

Banda bafa akwai wani abu da ke ɓata tsohuwar hanyar?

Akwai. Jini na farko, naman da ya jiƙe da jini yana kawo albumin da sauran furotin ɗin jini su kumbura lambar ƙasa alhali ba daga kansar suke ba. Sai macen da ke al'ada wadda istirojin ɗin jikinta ya riga ya cika ramukan, ko wadda ta fara tamoksifen kafin a yanki naman, na rediyeshan ya zo bai samu wurin zama ba a ce babu risefta. Sai naman da rabinsa lafiyayye ne ko ruɓaɓɓe, tunda niƙewa ake yi ba mai sanin me aka niƙa. Ga kuma buƙatar firiza mai tsananin sanyi da ba a ɗauke mata wuta ko na awa ɗaya, wannan kam mu da muka san halin NEPA ba sai an yi mana bayani ba.

Ai an ce yanzu an daina wannan hanyar. Matsalar sinadari ta ƙare kenan?

An daina a aikin asibiti, tun shekarun 1990 IHC, wato hanyar rina naman da antibodi a duba a madubi, ta karɓe wurin. Yanzu naman fomalin ake sa shi, a zuba shi a kakin farafin ya zama bulok, a yanka siriri a ɗora a silaid, a zuba antibodi mai neman riseftar, inda ya kama sai cibiyar ƙwayar ta yi ruwan ƙasa, likitan fatoloji ya duba a madubi ya ƙirga. Ba lissafin miligiram. Ƙa'idar ASCO da CAP (ƙungiyoyin likitocin kansa da na fatoloji na Amurka) ta 2010 ta ce in kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyin kansar sun kama kala fozitib ne, a 2020 kuma suka ƙara cewa daga 1 zuwa 10 a rubuta shi fozitib mai rauni.

Amma sinadari bai bar mu ba, wuri kawai ya canza, yanzu fomalin ne. Ƙa'idar a fili take: daga cire nama zuwa shigarsa fomalin kar ya wuce awa 1, fomalin ɗin ya zama mai kashi 10 wanda aka daidaita da bafa, naman ya zauna a ciki aƙalla awa 6 kar kuma ya wuce awa 72. Fomalin da ba bafa in ya daɗe yana komawa asid, asid kuma na cin abin da muke nema. Wanda aka tsinka da ruwa da yawa dan ya auku ba ya kama naman. Sannan fomalin tafiyar hawainiya yake yi cikin nama, wajen milimita 1 a awa a farko kuma yana ƙara rage gudu in ya yi ciki, dan haka in aka cire nono gaba ɗaya aka jefa a bokiti ba a tsaga shi ba, waje zai kama, tsakiyar inda kansar take kuma ta ruɓe kafin fomalin ya iso. Riseftar da ta ruɓe ba antibodin da zai gan ta, sai a rubuta negetib.

Mu aka ba wa naman mu kai lab da kanmu. Me ya kamata mu kula da shi?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi min kafin tiyata, ba bayanta ba. Kwanaki wani bawan Allah ya zo mana daga wata ƙaramar hukuma mai nisa, ya ciro robar kastad daga cikin leda biyu ya ajiye a taga. An yi wa matarsa aiki ranar Alhamis, ranar Litinin ya iso, dan sai da ya sayar da buhun masara ya haɗa kuɗin mota da na gwaji. Na buɗe, ruwan bai kai rabin naman ba, saman ya bushe ya yi baƙi, kuma warin da ya bugo ni ba na fomalin bane, shi fomalin yaji yake yi a ido da hanci. Na ce “Baba, wane ruwa aka zuba muku a ciki?” Ya ce “wallahi ɗana, ruwan da ake ƙara wa mara lafiya ne, sun ce nasu maganin ya ƙare.” Ruwan gishirin dirif kenan. Mun karɓa mun yi abin da za a iya, aka rubuta a rahoto cewa naman bai samu kulawar da za a dogara da negetib ɗinsa ba. Mutumin nan ba laifinsa ko ɗaya, ba wanda ya faɗa masa.

Dan haka tun kafin ranar aiki ku tambaya ko akwai fomalin a ƙasa, in babu a nemo. Robar ta zama mai faɗin baki, fomalin ya rufe naman ruf, abin da ake so ya ninka girman naman sau 10. Ba ruwan dirif, ba sifirit, ba ruwan leda. Kar a sa a firiza. Ku roƙi a rubuta a takarda ƙarfe nawa aka cire da ƙarfe nawa aka sa a fomalin, in nama babba ne likita ya tsaga shi kafin a rufe. Ku kawo a ranar ko washegari, kuma in da hali a guji aikin da zai sa naman ya kwana uku yana jiran Litinin. Kar a raba naman gida biyu a kai lab biyu ba da sanin likita ba.

Likita ya ce kansar ta je ƙashi, an ɗebo daga can. Gwajin ɗaya ne?

Ɗaya ne amma da ƙarin haɗari. Ƙashi ba ya yankuwa sai an narkar da sinadarin kalsiyom ɗinsa, kuma hanyar sauri ita ce asid mai ƙarfi irin haidurokulorik ko naitirik, waɗanda ke iya rage kalar ER da PR. EDTA ya fi tausayi amma yana ɗaukar kwanaki. Abin dariya EDTA ɗin da ke ba mu ciwon kai a Lowry shi ne abokinmu a nan. In sakamakon ƙashi ya fito negetib alhali na nonon fozitib ne, a tambayi da me aka narkar kafin a yarda cewa kansar ce ta canza.

A cikin lab ɗin kansa fa, ba a kuskure?

Ana yi mana. Fomalin yana ɗaure furotin ya ɓoye wurin da antibodi zai kama, sai an dafa silaid ɗin a bafar sitiret mai pH 6 ko Tris da EDTA mai pH 9 kafin ya buɗe, in zafin bai kai ba ko pH ya kauce kala ba za ta fito ba. Sodiyom azaid da ake sa wa wasu ruwaye dan kar su lalace yana kashe enzayim ɗin da ke fitar da kalar. Antibodin da ya sha zafi saboda firij ya kwana ba wuta ƙarfinsa na raguwa. Silaid da aka yanka aka ajiye sama da sati 6 ma ba a so. Abin da ke tona duk wannan shi ne kwanturol: lafiyayyun ƙwayoyin nono da ke gefen kansar ya kamata wasunsu su kama kala, in su ma fari fat suke toh gwajin ne bai yi ba.

Gaskiya ne matan Afirka yawanci negetib suke fitowa?

A nan ina da ra'ayi. An daɗe ana faɗin haka, kuma akwai ƙamshin gaskiya cewa irin kansar da ba ta da ER da PR da HER2 (wata risefta ta uku da ake gwadawa) duka ukun ta fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa. Amma wani nazari da aka wallafa a 2014 da ya tattara binciken da aka yi a Afirka ya nuna inda aka kula da naman tun daga ɗakin tiyata ana samun ER fozitib fiye da inda aka kwaso tsofaffin bulok daga sito. Ni da na ga robar kastad da idona, ba na karɓar kowane negetib a matsayin halittar mace.

Irin wannan kuskuren ya taɓa cutar da mutane da yawa a wani wuri?

Ya faru a Kanada, lardin Niyufanlan. Tsakanin 1997 da 2005 an ba marasa lafiya sama da 380 sakamakon ER da PR da ba daidai ba, sai da aka sake gwada naman a Toronto aka gane, aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin mai shari'a Margaret Cameron ya fitar da rahoto a 2009. Rashin kama nama da fomalin yadda ya kamata da rashin sa ido a kan ingancin aiki suna cikin abin da aka gano. Ƙasar da ba a ɗauke wuta kenan fa. Ƙa'idar 2010 ɗin ma da kanta ta ce har kashi 20 cikin 100 na wannan gwajin a duniya zai iya zama ba daidai ba.

Magani ko abin ƙarin lafiya da take sha zai iya shafar sakamako?

Ga gwajin naman, a faɗa wa lab in ta riga ta fara tamoksifen ko kemo kafin a ɗebi naman. Ga gwajin jini kuma akwai biyu da ya kamata a sani. Bayotin, wanda mata ke sha dan gashi da farce musamman in kemo ta zubar da gashi, in ya yi yawa yana rikita gwaje-gwajen homon da yawa, hukumar FDA ta Amurka ta yi gargaɗi a kai a 2017. Sai allurar fulbestiran, wadda ƙirarta ta yi kama da istirojin har wasu injinan suna ƙirga ta a matsayin istiradayol, wato istirojin ɗin da ake aunawa a jini, a ga lamba ta hau a ɗauka al'ada ba ta ɗauke ba. Duk abin da ake sha a faɗa, har na gargajiya da na kanti.

Sakamakonmu ya fito negetib. Mu nemi a sake?

Ku koma wa likita da tambaya uku: awa nawa naman ya yi kafin ya shiga fomalin, kwana nawa ya yi a ciki, kuma rahoton ya ce kwanturol ya kama? In duk amsoshin lafiya ne toh negetib ɗin abin dogaro ne, a ci gaba da tsarin da likita ya ɗora. In akwai shakka, ko ER negetib amma PR fozitib wanda ba a cika ganinsa ba, ko irin kansar a madubi wadda aka san kusan kullum fozitib take, ana iya sakewa. Sau da yawa ɗan naman biyofsi na allura da aka ɗeba kafin tiyata ya fi babban naman kyau, dan shi siriri ne fomalin ya ratsa shi nan take, a nemi bulok ɗinsa.

Kuna da damar neman bulok ɗin ta hannun likitanku a kai wani lab, a nan Jos ko Abuja. Ɗan abu ne kamar akwatin ashana, lambar da ke jikinsa ta zo ɗaya da ta takarda, ku duba kafin ku bar taga. Kaki ne, yana narkewa wajen digiri 56 zuwa 60 kuma tun kafin nan yake laushi, dan haka a sa shi a ambulan cikin jaka, kar a ajiye shi a gaban gilashin mota, in kun gangara Hawan Kibo kun shiga zafin ƙasa ba irin na Jos bane.